Ɗan Gidan Wa Ne? Launin Fata, Asali da Aure a Kano

A watan Disambar 2020 aka ɗaura wani aure a Panshekara wanda labarinsa ya riga 'yan ɗaurin auren isa gida. Ango matashi ne Bakano da bai kai shekara 30 ba, amarya kuwa Ba'amurkiya ce farar fata mai shekara 46 daga jihar Kalifoniya. A Instagram suka haɗu, ta hau jirgi ta zo ta gaida iyayensa, aka yanka sadaki naira 50,000. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, teburan masu shayi na bakin Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi kuma suka kwana biyu ba su rasa abin hira ba. Akasari barka ake yi wa angon: yaro ya yi goshi, Allah ya kashe ya ba shi. Mai ƙorafi ma tazarar shekaru ya duba, ko ya tambayi addininta.

Ba a cika shekara biyu ba, a Satumbar 2022, wani ɗan China mazaunin Kano ya shiga gidan su wata matashiya da ya daɗe yana nema a unguwar Janbulo, ya sassoke ta da wuƙa har ta rasu. Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa a Maris 2024. Gari ya girgiza, an yi juyayi na gaske. Amma tun ba a share makoki ba wasu suka kafa wa marigayiyar tasu kotun a Facebook da majalisun unguwa: me ya kai ta kula baƙon da ba a san tushensa ba? Kwaɗayi, in ji su.

Namiji ya nemi baƙuwa an yi masa guɗa, mace ta saurari baƙo an tuhume ta tana cikin kabari. Duk wanda yake son ya fahimci matsayin auren wani jinsi a wurin Kanawa, daga tsakanin waɗannan labarai biyu ya kamata ya fara.

Muhawarar da ta cika intanet a kan wannan batu daga Amurka ta taso, kuma matasan Tarauni masu bin TikTok da YouTube suna tsintar ta da ɗuminta. A can akwai abin da suke kira soyayyar baƙar fata, wato baƙi ya auri baƙa su kafa gida, a kuma yi alfahari da hakan. Maganar tana da tushe mai ciwo. A zamanin bauta doka ba ta san da auren bayi ba, ubangida na iya sayar da miji gabas ya sayar da mata yamma. A 1662 yankin Bajiniya ya yi dokar cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi, don haka Bature ya haifi ɗa da baiwarsa ya kuma sayar da shi. Daga baya aka zo da ƙa'idar ɗigon jini guda: wanda duk aka samu baƙi a kakanninsa, baƙi ne. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta rushe dokokin hana auren baƙi da fari, a shari'ar Richard da Mildred Loving, lokacin da jihohi 16 ke riƙe da su. Al'ummar da aka yi ƙarnuka ana wargaza mata gida, dole ta ɗauki aure a tsakaninta a matsayin gini da kuma fansa. Shi ya sa alƙaluman cibiyar Pew na 2015 suka yi zafi: kashi 24 cikin ɗari na baƙaƙen mazan da suka yi sabon aure wani jinsi suka aura, a mata kuwa kashi 12 ne. Baƙar mace a Amurka tana karanta wannan lissafi ne a matsayin hukunci a kan kyanta da darajarta.

Kano ba ta bi ta wannan hanya ba, kuma kuskure ne a ɗauko rigar Amurka a ce sai ta shige ta. Bahaushe bai saba kiran kansa baƙar fata ba sai ya fita waje. A gida launuka ne birjik: baƙi, wankan tarwaɗa, ja, fari, sau da yawa a ɗaki guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Tambayoyin da dattawa ke yi idan an zo neman aure uku ne, kuma kowa a Gyaɗi-Gyaɗi ya haddace su: Yana salla? Ɗan gidan wa ne? Mece ce sana'arsa?

Labarin da Hausawa ke bayarwa na asalinsu ma labarin auren baƙo ne. Bayajidda daga Bagadaza aka ce ya fito, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Ko masana tarihi sun yarda da aukuwarsa ko ba su yarda ba, al'ummar da ta zaɓi ta ce kakanta baƙo ne ta faɗi wani abu game da kanta. A Kano kuwa ba sai an je ga tatsuniya ba, sunayen unguwanni sun isa shaida. Kafin zuwan Ingilishi, idan Bakano ya ce Bature, Balarabe yake nufi, mutanen Turai kuwa Nasara ake ce musu. Dandalin Turawa da ke cikin birni mazaunin fataken Gadamus da Tarabulus ne, Alfindiki kuma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Shehu Magili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma Sharifan Kano, da shugabansu mai laƙabin Sidi Fari, gare shi suke danganta kansu. Lokacin da matafiyi ɗan Turai Heinrich Barth ya sauka a birnin a 1851 ya tarar da Larabawan nan da gidajensu da harkokinsu. Mafi yawansu maza ne da suka ƙetaro Sahara ba iyali, nan suka yi aure, nan suka hayayyafa. Jikokinsu yau Hausa ce harshensu na ɗaki, wasu sai an faɗa maka kafin ka sani.

Abin da ya fi daɗi a wannan tarihi a madafa yake. Alkaki da alkubus da gurasa daga gidajen Larabawan nan suka fito, ta hannun matan Hausawa da kuyangin da suka koya suka koyar. Yau babu garar amarya da za a kai a Tarauni ba alkaki a ciki, kuma ba wanda ke kallonsa a matsayin baƙon abinci. Haka dilka da halawa da turaren wuta da ake yi wa amare a shagunan gyaran jiki na Zoo Road da Hausawa: daga Sudan da Chadi suka biyo ta Barno, a hannun matan Shuwa da Barebari. Agalawa ma, fataken goro da tushensu ke komawa ƙasar Abzin, sun narke sun zama Kanawa tsantsa, har suka fitar da Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Abin da ya sauƙaƙa wannan narkewa ƙa'ida ce guda: ɗa na ubansa ne. Inda dokar Bajiniya ta mayar da ɗan baiwa bawa, shari'ar Musulunci ta ce ɗan da ubangida ya haifa da sa-ɗakarsa ɗa ne, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta, kuma sarakuna da dama a ƙasar Hausa ta wannan hanya suka fito. Wannan bai wanke bautar da aka yi a nan ba, matan da aka kamo aka sa a ɗaka ba a nemi yardarsu ba. Sai dai ya hana a sami wani rukuni na dabam da ake ware shi saboda gaurayen jini. Barack Obama, wanda Amurka ta ƙirga a baƙi saboda launi, a lissafin Kanawa ɗan ƙabilar Luo ne na Kenya kawai, domin can ubansa ya fito. Mazhabar Malikiyya da ake bi a nan ita ma ta fi sauran sassauci a batun kufu, wato dacewar miji da mata: addini da hali da lafiya take dubawa, ba ta sa nasaba a gaba ba. Malamai a masallatan Juma'a sukan kawo misalin Usama ɗan Zaidu, baƙi, ɗan Ummu Aimana Bahabashiya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarci Faɗimatu 'yar Ƙaisu Baƙuraishiya ta aura.

Idan aka tsaya a nan, sai a ce Kano ta gama da wannan matsala tun ƙarni biyar da suka wuce. Ba ta gama ba.

Ƙofar tana buɗewa ne ta ɓangare guda. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, 'yan Lebanon da Siriya, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, suka zauna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake a yau. Sun yi ƙarni guda a garin, da yawansu Hausarsu ta fi ta wasu 'yan boko daɗi, wasu cikinsu sun auri Hausawa da Fulani da Shuwa. Amma a ƙirga 'ya'yansu mata nawa aka ɗaura wa aure da Bahaushe. Abu ne da ake samu, sai dai idan ya faru labari ne. Haka abin yake tun zamanin fataken Gadamus: suna karɓa, ba su cika bayarwa ba. Turawan mulki kuwa ko karɓar ma a ɓoye suka yi ta. A 1909 Sakataren Mulkin Mallaka na Ingila, Lord Crewe, ya aika takardar gargaɗi ga jami'ansa a kan ajiye matan ƙasa, abin da ke nuna yadda ɗabi'ar ta yawaita. 'Ya'yan da aka samu ta wannan hanya galibi a dangin uwa suka tashi, uba ya koma ƙasarsu da akwatinsa.

Bahaushe yakan ga ɗaya fuskar lamarin idan ya zama shi ne baƙo. A Saudiyya akwai dubban 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi, har Usama Hausawi ya riƙe kambun ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, amma kalmar Takari ba yabo ba ce a bakin mutanen Jidda, kuma kotunan ƙasar sun taɓa raba aure saboda an ce nasabar miji ba ta kai ta matar ba. A Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno har yanzu ana yi musu gorin baƙunta, kuma rikicin jihar Bulu Nayil na 2022, wanda ya ci rayukan Hausawa masu yawa, a kan wannan tambaya ta wane ne ɗan ƙasa ya tashi. Ɗalibin Kano da ya yi karatu a Khartum ko Alƙahira ya so 'yar gari ya san irin kallon da surukan da bai samu ba suka yi masa. A nan ne zafin da baƙar fatar Amurka ke magana a kai yake zama abin da Bakano ya ɗanɗana da bakinsa.

Sai dai ba sai an yi fasfo ba kafin a gamu da shi. Yana nan cikin gida, cikin kirarin da ake yi wa farar mace cewa ita ce alkyabbar mata. Yana cikin littattafan soyayya, inda tauraruwa kusan kullum fara ce, doguwa, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, a ce kamar Balarabiya. Yana cikin zaɓen jarumai a ofisoshin 'yan fim na Zoo Road. Yana bakin uwar da ke aika 'yar'uwarta ganin yarinyar da ɗanta ke so, ta dawo a tambaye ta, kafin hali kafin karatu: “Fara ce?” Wanda ake kira ruwa biyu yana tsakiyar wannan ruɗani. Idan mace ce, samari na layi a ƙofar gidansu, ana yi mata kallon kayan ado tun ba a san halinta ba. Ran da aka yi faɗa kuwa, a makaranta ko a gidan miji, kalmar da za a jefe ta da ita a shirye take: barbarar yanyawa. Baki ɗaya ne ke yabon da zagin.

Kuɗin wannan kirari 'yan mata baƙaƙe ne ke biyansa, kuma da fatarsu suke biya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa sun ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. A shagunan kayan kwalliya na kasuwar Tarauni da sauran kasuwannin gari ana sayar da haɗi a robobi marasa suna, wasu da sinadarin makuri ko magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Ƙarshensu fata ta yi laushi ta ƙi haɗuwa bayan tiyata, fuska ta ƙone, ƙoda ta gaza. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne iyayen da suka fara shafa wa yara ƙanana. Yarinyar da ke yin wannan ba wauta ce ke damunta ba. Ta saurari abin da samari da iyayensu ke faɗa, ta fahimce shi sarai. Idan akwai darasin da Kano za ta ɗauka daga masu kiran soyayyar baƙar fata, to wannan ne: baƙar mace ta ji daga bakin ubanta da yayyenta da manemanta cewa ita kyakkyawa ce yadda Allah ya yi ta. Wannan bai buƙaci a hana kowa auren wanda yake so ba.

Akwai kuma katangar da ta fi ta launi tsawo, wadda baƙo ba ya ganinta. Gidan da zai karɓi Baturen da ya musulunta jiya da hannu biyu, a ba shi sabon suna a yi walima, shi ne zai mayar da ɗan mahauta ko ɗan wanzamai ko wanda aka ce kakansa bacucane ne, ko da likita ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. “Ba su da asali,” in ji gwaggo, magana ta ƙare. Baƙon ya tsira ne saboda ba wanda ya san sana'ar kakansa. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da yake unguwannin wajen ganuwa ne da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina suka cika, sun fi cikin birni sauƙi a wannan fanni. A Hausawa da Darmanawa da Unguwa Uku za a ga Bahaushe da Bayarabiya, Babarbare da Banufiya, Bafulatani da 'yar Igbira, kuma yaransu na wasa a layi da Hausar Kano. Duk da haka, idan magana ta kai ga manya, sau da yawa akan koma tsohon gida a cikin gari ko a ƙauye a tambayo, kuma amsar da za ta dawo ba ta san da digiri ba.

Jinin da ya cancanci a bincika kuwa an daɗe ana sakaci da shi. Sai a 2024 gwamnatin jihar ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ƙwayar halittar jini saboda cutar sikila. Wanda ya taɓa zama a layin asibitin yara ya ga uwa riƙe da ɗan da ciwon ƙashi ya hana shi kuka da ƙarfi, ya san cewa AS da AS sun fi baƙi da fari haɗari nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa 'yan gida ɗaya ne, masu asali ɗaya.

Abin da ya canza a wannan zamani shi ne hanyar da baƙo ke shigowa. Balaraben Gadamus yana da fatoma, yana da maƙwabta, ana ganin sallarsa da cinikinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Na yanzu ta waya yake sallama. 'Yan China sun yi yawa a harkar yadi da masana'antu har Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan China a 2019, ga Indiyawa da 'yan Pakistan da Turkawa a kamfanoni da makarantu. Dole zukata su haɗu. Matsalar ita ce bincike, wanda shi ne garkuwar mace a auren Hausa, ba ya aiki a kan mutumin da danginsa ke nisan kwana guda a jirgin sama. Waliyyi ba shi da wanda zai tambaya ko mutumin yana da mata a can, ko yana da zafin hannu, ko ina za a kai ƙara idan ya tafi da yara. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma maganinta a tsaurara bincike ta hanyar shugabannin al'ummarsu da wuraren aikinsu da ofisoshin jakadancinsu. Amma kisan Janbulo ba launin fata ne ya yi shi ba. Namiji ne da ya ɗauka abin da ya kashe ya saya masa mace, kuma kotunan Kano sun sha ganin irinsa a cikin 'yan gari. Waɗanda suka ɗora laifin a kan marigayiyar sun sauke shi ne daga kan mai wuƙar.

Dokar ƙasa ma da sikeli biyu take awo. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan dama, sai ya bi doguwar hanyar da ke buƙatar zaman shekara 15. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirin da zai daidaita wannan, tare da wasu ƙudirori huɗu da suka shafi mata, abin da ya sa mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar a Abuja. Amaryar Panshekara, in ta so, tana da hanyar zama 'yar Najeriya. Mijin Bakanuwa ɗan Sudan ko ɗan Lebanon, ko ya shekara goma yana salla a sahun farko a masallacin unguwa, baƙo ne a takarda.

'Ya'yansu dai 'yan ƙasa ne, domin sashe na 25 ya wadatar da ɗayan iyaye. Sai dai zama ɗan ƙasa dabam, zama ɗan jiha dabam. Ranar da yaron ya gama sakandare ya tashi neman gurbin jami'a ko tallafin karatu ko aikin gwamnati, za a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Zai fara daga mai unguwa, ya wuce wurin dagaci, ya kai ga hakimi. An haife shi a asibitin Malam Aminu Kano, ya yi allo a Gyaɗi-Gyaɗi, ba shi da wani harshe na zuci sai Hausa, kakansa na wajen uwa kuma kowa ya san gidansa. Mai unguwa zai dube shi, ya san shi tun yana rarrafe, sannan ya ɗauki biro ya tambaye shi garin su babansa.